Hoton Rawar Baba Okeke

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina riƙe da buroshi, amma ranar da har yau ba ta bar zuciyata ba ita ce ranar bikin ma'aikata ta shekarar da aka yi rikicin bayan zaɓe. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin aikina kafin mu tashi daga taron nan, wannan zan ba ku, musamman ku da kuka shigo sana'ar kwanan nan.

Sunana Bitrus. A Samaru nake zaune, a Hayin Dogo, kuma a lokacin ina aiki ne a wani kamfanin matse man gyaɗa da na angurya a Sabon Gari, can wajen layin dogo. Muƙamina shi ne babban mai fenti da rubutun alluna, a sashen gyare-gyare. Ni nake rubuta lambobi a jikin motocin kamfani, ni nake rubuta allunan gargaɗi, ni nake shafa wa bututu kala don a san na ruwa da na tururi. Sama da ni akwai foman, sama da shi akwai injiniya, sannan manajan ma'aikata, wanda shi ke riƙe da fayil ɗin kowa. Zanen mutane ba ya cikin takardar aikina. Wannan na koye shi ne a wajen ɗaliban zane da suka yi haya a gidanmu a Samaru. Ina tsayawa a bayansu ina kallon hannunsu, su kuma su bar mini ragowar fenti.

Da ƙungiyar ma'aikatanmu ta gane ina iya zana fuska har a gane mai ita, sai ta ɗora mini wani aiki na shekara-shekara. Duk ranar ɗaya ga watan Mayu, idan an dawo daga fareti an zauna biki a harabar kamfani, ni nakan zauna gefe da takarda da fensir. Bayan mako biyu sai in fito da babban hoto a kan filawud, ƙafa takwas da huɗu, a rataye shi a ɗakin cin abinci har wata shekara. Ana ɗaukar hoto da kyamara, amma mutane sun fi son nawa, don a nan kowa yake ganin kansa ƙato da kalar rigarsa.

A bikinmu akwai abu ɗaya da ba ya canzawa. Malam Garba, mai kula da tukunyar tururi, shi ke zuwa da kalangunsa, don gadon kiɗa gare shi ta wajen uwa. Baba Okeke, babban fita mai haɗa injuna da gyara su, shi ke buɗe rawa. Baba Okeke tun yana saurayi ya zo Sabon Gari daga kudu, a nan ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'yansa. Hausarsa ta nuna, sai dai kowa "ka" yake ce masa, mace ko namiji. Shi da Malam Garba sun fi shekara ashirin suna raba goro ɗaya a bakin tukunya. Idan kalangu ya tashi, Baba Okeke ya fito da tumbinsa yana jujjuya ƙugu, sai kowa ya bi bayansa ana dariya. A duk hotunan da na yi a baya, su biyun ne a tsakiya.

A waccan shekarar, saura kamar mako biyu biki, aka bayyana sakamakon zaɓe, gari ya rikice. Ba sai na faɗa muku abin da ya faru ba, da yawanku kuna garin nan. Ni kwana uku na yi da iyalina a cikin gida, ba mu leƙa ko ƙofa ba. Aka sa dokar hana fita, aka rufe kamfani. Da aka sassauta dokar muka koma aiki, foman ya kira suna, sai ka ji an kira mutum shiru. Wasu sun fake a barikin soja na Basawa da iyalansu, wasu sun tafi garuruwansu, wasu ba wanda ya san inda suke. A ranar muka ji cewa an kashe ɗan Baba Okeke na fari, Obinna, mai shagon kayan lantarki. A Muchia aka tare shi yana hanyar komawa gida.

Aiki ya ci gaba, amma kamfanin ba shi ne wanda muka bari ba. A ɗakin cin abinci, ba wanda ya tsara, sai ga Musulmi a teburan gabas, Kirista a na yamma. Ana gaisawa, amma gaisuwa ce gajera, kowa na kallon kwanonsa. Ni kaina na samu kaina a teburin yamma, ban san lokacin da ƙafata ta kai ni ba.

Gwamnati ta hana fareti a titi. Shugabar ƙungiyarmu, Kwamared Saratu, mai aiki a ɗakin awon mai, ta so a fasa bikin gaba ɗaya. Manajan ma'aikata, Alhaji Lawal, shi ya nace a yi, ko da a cikin haraba ne, daga safe zuwa azahar. Dalilinsa shi ne wani kwamishina zai zagaya kamfanoni a tsakiyar wata don a nuna zaman lafiya ya dawo. Kwamared ta yarda bisa sharaɗin ba lasifika, kuma za a karanta sunayen waɗanda aka rasa. Bayan an gama magana Alhaji ya kira ni ofishinsa.

Ya ce, "Bitrus, hoton bana ba ɗakin cin abinci za shi ba. A bakin get za a kafa shi, inda baƙo zai fara gani. Kwana goma na ba ka. Ka sa shi ya yi haske."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Ranar bikin aka jera kujeru kamar yadda aka saba, amma fiye da rabi ba kowa a kai. Aka yi addu'a ta Musulunci, aka yi ta Kirista. Kwamared Saratu ta karanta sunaye, na ma'aikata biyu da na 'yan uwan ma'aikata. Aka kawo dafa-duka da zoɓo. Ba ka jin komai sai ƙarar cokali. Malam Garba ya zo da kalangunsa don an ce ya zo da shi, amma ya ajiye shi a kan cinya ya dafa shi da hannu biyu. Ni kuma ina zaune a kan wani tsohon duro, takardata fara fat, don ban ga abin zanawa ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya mai gadi ya buɗe ƙaramar ƙofa, sai ga Baba Okeke. Ba wanda ya yi tsammaninsa, don yana hutun makoki. Ya aske kansa ƙwal, yana sanye da baƙar riga da ta yi masa yawa, tumbin nan duk ya zube. Mutane suka fara miƙewa za su yi masa gaisuwa, ya ɗaga hannu ya tsayar da su. Ya taka har tsakiyar fili, ya tsaya a gaban Malam Garba.

Ya ce, "Garba, me ka kawo wannan abu ya yi? Buga mana."

Malam Garba bai ɗago ba. Ya ce, "Okeke, ka yi haƙuri. Ba zan iya ba."

"Ni na iya fitowa daga gida, kai ba za ka iya buga fata ba? Yarona yana zuwa kallon rawan nan tun yana goye. Buga."

Malam Garba ya rataya kalangun, ya matse shi a hammata, ya fara. Kiɗan da ya saba yi ne, amma ya ja shi a hankali ƙwarai, kamar mai tafiya da kaya a ka. Baba Okeke ya buɗe hannuwa ya fara takawa. Ba juya ƙugu, ba wasa. Ƙafa ɗaya, sannan ɗaya. Hawaye na bin fuskarsa har cikin wuyan riga, bai share ba, bai kuma tsaya ba. Ba wanda ya yi tafi. Can sai Kwamared Saratu ta cire takalmanta ta shiga bayansa. Wani direba daga Zabi ya bi ta. Daga nan mutane suka riƙa tashi ɗaya-ɗaya daga ɓangarorin biyu, har aka yi da'ira, ana takawa shiru, wasu na kuka a fili. Ni hannuna ne kawai ke gudu. Na cika takarda bakwai kafin kiɗan ya tsaya. Da ya tsaya, Baba Okeke ya juya ya fita ta ƙofar da ya shigo, bai ci komai ba.

Washegari na fara aiki. Ga waɗanda ba su taɓa yin babban hoto ba, ga yadda ake yi. Za ka goge filawud da samfefa, ka shafa farin fenti sau biyu, ka bari ya bushe. Sai ka ja layuka da alli a tsaye da a kwance, ka ja irinsu a kan ƙaramin zanenka, don ka ɗauko kowane gida ka faɗaɗa shi ba tare da hannu ko kai ya fi ƙarfin jiki ba. Ka fitar da siffofi da gawayi. Kala kuma daga baya ake farawa, sama da gini da ƙasa, a zo kan tufafi. Fuska ita ce ƙarshe. Al'adata ita ce in kira mutum lokacin hutun rana ya zauna mini minti goma, don fensir ɗin ranar biki ba ya kama komai.

Na zana kujerun da ba kowa yadda suke. Na zana da'irar. Baba Okeke kuwa ban buƙaci ya zauna mini ba, fuskarsa na gabana ko na rufe ido. A kwana na biyar na kira Malam Garba. Ya zauna a kan benci a ɗan shagona, na ce ya ɗan ɗago haɓa. Ya ɗago, sai ya sake sunkuyarwa.

Ya ce, "Malam Bitrus, bar ni haka. Haka nake a ranar."

Na ce to. Ina cikin zane, ba tare da na tambaye shi ba, ya fara magana.

"A layinmu aka yi abin nan. Da la'asar ne. Na ji ihu, na ji gudu, na ja 'ya'yana ciki na sa sakata. Na ji muryar wani yana kiran sunan Allah da sunan uwarsa. Ban san ko wane ne ba, wallahi ban sani ba. Sai da gari ya lafa aka ce ɗan Okeke ne. Yaron da ni na raka ubansa asibiti ranar da aka haife shi. Da na buɗe ƙofar nan, ko da taku biyar ne..."

Bai ƙarasa ba. Na tambaye shi ko Baba Okeke ya sani. Ya ce ya aika ƙaninsa ya faɗa masa, don shi ya kasa zuwa. Na zana shi kansa a sunkuye, idonsa a kan fatar kalangu.

A kwana na bakwai Alhaji Lawal ya zo duba aiki. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙare wa hoton kallo.

Sannan ya ce, "Wannan biki ne ko zaman makoki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da aka yi ke nan. Kana wurin."

"Ina wurin. Ni ma na yi hawaye, kada ka ɗauka dutse ne ni. Amma ka san abin da ke gabanmu? Masu kamfanin nan suna tunanin kwashe injuna su bar garin. In baƙo ya shigo ya ga kujeru wayam da dattijo yana kuka, me zai je ya faɗa? Cika kujerun nan da mutane. Share hawayen, ka sa masa murmushinsa da kowa ya sani. Aikin awa biyu ne a wurinka."

Gaskiya ya faɗa, aikin awa biyu ne. Kuma ba mugun mutum ba ne, tsoronsa na gaske ne. Amma na dubi fuskar, na ji ba zan iya kai buroshi wurin ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in kana so in rubuta babban ƙyalle na maraba, yau zan gama. In kana so a fito da hoton bara a kafa, zan wanke shi in gyara. Amma in sa wa mutumin nan dariya mako biyu da binne ɗansa, ka gafarce ni."

Kafin a tashi aiki masinja ya kawo mini kweri. Kweri takardar tuhuma ce, ana ba ka awa ashirin da huɗu ka rubuta dalilin da zai hana a hukunta ka. Laifina shi ne ƙin bin umarnin na gaba. A dokar kamfanin, wannan na iya kai mutum ga dakatarwa, har ma sallama. Ina da 'ya'ya huɗu a makaranta, kuma a lokacin ba wanda ke ɗaukar ma'aikaci. Na nuna wa matata Hannatu takardar. Ta karanta, ta ninke, ta ce, "Baban Ladi, ni ba zan ce ka yi ko kada ka yi ba. Amma fuskar nan ba taka ba ce, ba ta Alhaji ba ce. Kun tambayi mai ita?"

Da safe na kai wa Kwamared Saratu maganar, don doka ta ce wakilin ƙungiya ya ga amsar kweri kafin a miƙa. Ta ce matata ta fi mu hankali. Ta hau acaɓa da kanta ta je gidan Baba Okeke, bayan azahar ta dawo da shi. Ta kuma roƙi Alhaji ya sauko, ya sauko.

Baba Okeke ya tsaya a gaban hoton, ya sa tabarau. Ya fara daga gefe, yana kiran sunan duk wanda ya gane. Ya ƙirga kujerun da yatsa. Da ya zo kan kansa ya tsaya ya ƙura wa fuskar ido.

Alhaji ya yi masa bayani cikin ladabi, ya faɗi maganar baƙo da ta injuna. Baba Okeke ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Alhaji, na ji ka. In ka ce kada a kafa shi a get, kamfaninka ne. Amma kada a sa mini dariya. Ban yi dariya ba. In jikokina suka ga hoton nan wata rana, su ce kakansu ya yi murna a watan da aka kashe ubansu?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ni kuwa har na fara jin sanyi a raina, ina ganin na yi nasara. Sai Baba Okeke ya juyo kaina.

"Amma kai, Bitrus, ka yi kuskure ɗaya." Ya nuna Malam Garba. "Me ya sa kansa ke ƙasa?"

Na ce, "Baba, haka na gan shi. Shi ma haka ya ce in bar shi."

"Haka ka gan shi lokacin da ka duba. Kai rabin lokaci idonka na kan takarda. Ni nake gabansa. Kafin ya tsayar da kiɗan ya ɗago, ya dube ni, na dube shi. Don wannan na fito daga gida, ba don rawa ba. Kai kuma ba ka gani ba."

Kunya ta kama ni. Na koma kan takardun nan bakwai a zuciyata, na tuna lallai a ƙarshen kiɗan ina can ina fama da ƙafafun masu da'ira.

Ya ce wa Kwamared, "Saratu, je ka kira mini shi."

Malam Garba ya zo da kayan aiki, gumi na zuba, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Baba Okeke ya jawo benci ya zauna, ya buga gefensa da tafin hannu.

"Zo ka zauna. Saƙonka ya iso ni. Ka sa sakata, ka tsare 'ya'yanka. Ni ma a ranar sakata na sa, kuma na ji ihun wasu a layinmu, ban buɗe ba. Ba kai ka kashe Obinna ba. Ɗago kanka mutumin nan ya yi aikinsa."

Malam Garba ya zauna. Ya ɗago. Fuskarsa duk ta jiƙe, leɓensa na motsi yana salati a hankali. Na ɗauki ƙyalle da kananzir na goge kan da na yi, na sake zana shi a wurin, su biyun suna zaune a gabana, Alhaji da Kwamared na tsaye.

Ba a kafa hoton a get ba. Na rubuta ƙyallen maraba, shi baƙo ya gani, kuma an ce bai yi minti ashirin a kamfanin ba. Kwerin bai tafi a banza ba. Alhaji ya ce doka doka ce, ya sa mini takardar gargaɗi a fayil, kuma ta sa ƙarin girmana ya yi jinkirin shekara guda. Ban ji daɗi ba, amma ban riƙe shi ba, don shi da kansa ya sa kafinta ya yi wa hoton firam, aka rataye shi a ɗakin cin abinci. Ba zan ce muku hoton ya gyara zukata ba. Wasu har suka bar aiki ba su sake zama teburi ɗaya ba. Na dai lura mutane kan tsaya a gabansa da kwano a hannu, kuma wanda ya tsaya ba ya tambayar wanda ke gefensa daga wane teburi ya taso.

Baba Okeke ya yi ritaya bayan shekara biyu ya koma garinsu, can ya rasu. Kamfanin ma daga baya ya rufe. Ranar da ake kwashe kaya, Malam Garba ya zo da mai kura ya roƙi hoton, ƙungiya ta ba shi.

Abin da na koya, shi nake so ku riƙe. A sana'ar nan za a sa ku zana taro da biki, kuma mai ba da aiki kusan kullum zai so ya fi yadda aka yi kyau. Wannan matsin kowa ya san shi, kuma in kun tsaya za ku iya ƙi. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne naku. Na tsaya a gaban manaja ina cewa abin da na gani ke nan, har na sa aikina a kai, alhali abin da ya fi komai muhimmanci a filin ya wuce ina sunkuye. Tun daga lokacin, ban sake sa hannu a ƙasan hoton mutane ba sai na kira waɗanda ke ciki sun tsaya a gabansa, na tambaye su, "Me ya faru da ban gani ba?" Kuma ban taɓa tambaya aka ce mini babu ba.